Takardun da Yaya ta buga wa Akawu

Yayata ta yi shekara arba'in da ɗaya tana buga wa mutane wasiƙa da tafireta, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar bene, daura da gidan waya. Taga ɗaya ce, tebur ɗaya, kujera biyu: tata da ta mai wasiƙa. Da hantsi rana kan shigo a karkace ta kwanta kan maɓallan da yatsunta suka suɗe, su yi ta sheƙi.

A bakin tagar akwai keji, da ƙananan tsuntsaye biyu dangin aku, kowanne bai cika tafin hannu ba. Shuɗiyar ta sa mata Manaja, don ita ke tsawa. Koren kuma Akawu, don shi ke shan tsawar. Duk sanda tafireta ta kai ƙarshen layi, ƙararrawarta ta kaɗa, sai Manaja ta amsa, Akawu ya amsa wa Manaja.

Wata Talata da safe Yaya ta tarar da Manaja kwance a ƙasan keji, ƙafafu a naɗe. Daga ranar Akawu ya daina cin gero. Ya kumbura gashi, ya cusa kai cikin fiffike.

Ni da Yaya makarantar mishan muka yi. A ƙofar ɗakin jinya akwai allon da nas ta rataye: a yi shiru, akwai mara lafiya. Maganar ta zauna mana har tsufa. Don haka Yaya ta kife wa tafireta murfi, ta mai da kejin lungu, ta lulluɓe shi da tawul, ta riƙa sallamar masu wasiƙa cikin raɗa.

A rana ta uku na je duba ta.

"Auta, cire takalmin nan, ƙara yake," in ji ta. A lokacin furfura ta gama cinye mini kai.

"Yaya, ɗakin nan ya koma ɗakin jarrabawa."

"Rage murya. Ko tsaba ɗaya bai taɓa ba. In aka kai gobe haka, zai bi ta."

Muna zaune sai ga wani tsohon direba, kurma, da wasiƙar da yake son ta isa wurin 'yarsa. Yaya ta raɗa masa ya dawo jibi. Bai ji ba, ya ja kujera ya soma faɗa. Dole ta buɗe murfin, ta riƙa taɓa maɓallan kamar mai tsoron ƙuna. Layi ya ƙare, ƙararrawa ta kaɗa, na ga tawul ya motsa. A layi na huɗu muka ji wata 'yar murya a dushe daga lungu.

Yaya ta tsaya, yatsunta a sama. Ta tashi ta yaye tawul, ta mai da kejin taga.

"Ashe ni ke ƙarasa shi," in ji ta. "Mutuwa ta ɗauke masa murya ɗaya, ni na kwashe sauran."

Da direban ya tafi, ta zare ƙyallen tawadar tafireta ta ajiye a aljihun tebur. Shi kaɗai ya rage mata, kuma an daina sayar da irinsa. Ta saka farar takarda.

"Yi magana, Auta."

"Me zan ce?"

"Kome. Akawun nan bai iya karatu ba."

Sai na soma da gidanmu. Na faɗi tagar ɗakin mahaifiyarmu, da keken ɗinkinta, da bishiyar da muke hawa mu hango jirgin ƙasa. Yaya na bugawa tana gyara mini: labulen rawaya ne, ba fari ba, ni na faɗo daga bishiyar, ba ita ba. Haruffa na sauka kan takarda ba su barin baƙi, ƙararrawa na kaɗawa, rana na matsawa kan tebur. Can Akawu ya sauko daga sandarsa, ya tsaya kan ƙoƙon gero, ya fasa tsaba bakwai. Na ƙirga.

Haka muka riƙa yi kowace safiya, daga ƙarfe tara zuwa goma, har shekara huɗu. Akawu ya murmure, ya koyi kukan ƙararrawar har ba a bambancewa. Wani sa'in yakan kaɗa tasa a tsakiyar layi, Yaya ta mai da takarda sabon layi kafin ta farga.

"Ɗan banza, ya sake yi mini," takan ce, ba ta ko ɗaga kai.

Akawu ya riga Yaya mutuwa da wata biyar. Takardun suna wurina cikin akwati, farare tas. Amma in na ɗaga ɗaya a karkace wajen taga da hantsi, sawun haruffan kan fito, in karanta gidanmu ɗaki ɗaki. Nan da can layi yakan yanke a rabi, tsakiyar kalma. A irin wurin nakan dakata kaɗan kafin in ci gaba.