Taken Da Babana Ya Binne

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku a wannan shafi, ina girgiza kai ina cewa wane ya yi wauta, wance ta yi sakaci. To yau ga shi layi ya zo kaina. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da tara, ina aiki da wani kamfanin kago, wato na jigilar kaya, a Dubai, a sitonsu da ke Al Qusais. Aikina shi ne duba kwalayen da 'yan kasuwarmu suka sayo a kasuwar Naif kafin a loda su a kwantena. Ina zaune a Hor Al Anz, mu biyar a ɗaki ɗaya, kuma a cikinmu babu wanda ya san ni ɗan makaɗa ne. Babana makaɗin kalangu ne na mahauta, haka ma kakana. Tun kafin a sa ni makarantar allo na iya matse kalangu a hammata. Amma da na yi boko na samu 'yar takardar difloma, sai na fara jin kunyar gidanmu. Idan aka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce noma. Yana da 'yar gona kam, amma ni na san abin da nake ɓoyewa.

Hannuna ne ya tona mini asiri. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune a wani gidan abinci na 'yan Nijar a Naif ina jiran tuwo, ashe yatsuna suna ta aiki a kan tebur ban sani ba. Sai wani dattijo da ke gefena, dogo, kansa fari fat, ya dafa hannuna ya ce wannan ba bugun mai jin yunwa ba ne, wanda ya koya mini ya san kalangu. Na yi musu, ya yi dariya ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai abincin ne ya raɗa mini ko wane ne shi. Mutumin Nijar ne, ya kwashe shekara arba'in a Turai yana kaɗa jita mai lantarki, irin kiɗan da ake kira bulus da rok, kuma a can sunansa ya yi tambari. Yanzu ƙarfi ya fara ƙarewa, ya zo Dubai ya haɗa faifansa na ƙarshe, yana gayyato baƙin makaɗa daga ƙasa ƙasa, kowa ya sa hannu a waƙa ɗaya ko biyu. Dattijon ya ce mini akwai kalangun da ya saya a Maraɗi tun da daɗewa, ya rasa mai bugawa, ko zan zo situdiyonsa in buga masa.

Na ce zan zo bisa sharaɗi ɗaya, kada sunana ya fito ko'ina. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Situdiyon kuwa wani sito ne aka gyara, bai fi tafiyar minti goma daga wurin aikina ba. Duk Juma'a da rana, ranar hutuna, sai in sulale in ce wa abokan ɗakina zan je gaida wani kawuna. A can na tarar da wani Basudane mai molon Larabawa, da wani Ba'indiye mai 'yan gangunansa biyu, da wani tsohon Bature mai busa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin wurin nan. Ni da nake wuni ana mini tsawa a kan kwali, ga ni manyan makaɗa suna yin shiru don su ji hannuna. Dattijon kuwa ya ɗauke ni kamar ɗa. Ina ce masa Baba, yana ce mini ɗana, wani lokaci da Faransancinsa. Yakan rage mini shayinsa, ya tambayi lafiyar iyayena, har faɗa ya taɓa yi mini don ya ga ban ci abincin rana ba.

A nan sai na yi wa waɗanda ba su tashi a gidan kiɗa ba bayani. Take shi ne kiɗan da makaɗi ke ware wa mutum ɗaya, da an buga kowa ya san da wa ake. Babana yana da amini tun suna yara, wanda ya zama Sarkin Fawan garinmu, kuma ya yi masa wani take da duk wanda ya ji sai tsigar jikinsa ta tashi. Ina da shekara goma sha biyu Allah ya yi wa aminin nan rasuwa farat ɗaya a hanyar dawowa daga kasuwar shanu. Ranar sadakar uku babana ya shiga gidan, a gaban matar marigayin da 'ya'yansa da manyan mahauta, ya ce ya binne taken nan tare da mai shi. Ya ce daga shi har duk wanda ya fito daga gidansa, babu mai sake buga shi har abada. Ina zaune a wurin, da kunnena na ji. Kuma na riga na iya taken, don shi ne abu mai wuya na farko da ya koya mini.

A Juma'a ta huɗu, ana hutun shan shayi, muka rage mu biyu a ɗakin ɗauka. Dattijon ya tambaye ni mene ne abu mafi kyau da babana ya taɓa kaɗawa. Da na yi shiru da ban rubuto wannan wasiƙa ba, amma baki shi ke yanka wuya. Na kwashe labarin kaf na ba shi. Wallahi hawaye na gani a idonsa. Ya ce shi ma ƙafarsa ɗaya tana kabari, ba ya son ya mutu bai ji abin nan ko sau ɗaya ba. Na nuna masa jar fitilar da ke nuna na'ura tana ɗauka, ya ce mantawa aka yi ba a kashe ba, zai sa a goge kafin mu tashi. Ya dafa ƙirji ya ce amana ce tsakanin ɗa da uba, shi ke nan, ba mai ji. Na ɗauki kalangu na buga, juyi uku cif. Gaskiyar da zan faɗa ita ce babu wanda ya tilasta ni. Shekara goma sha bakwai hannuna yana ƙaiƙayin taken nan, kuma ina son a yabe ni.

Aka gama aiki, ya koma Faransa, muka riƙa gaisawa ta waya. Bayan kamar wata takwas ina tsakiyar ƙirga kwalaye sai ga saƙon murya daga ƙanwata, tana kuka tana tambayata ko na san abin da babanmu ya aikata. Ta turo bidiyo. Waƙar farko ce ta faifan, kuma abin da ya buɗe ta taken nan ne, shi kaɗai tsawon minti guda, kafin jita ta shigo da ruri. A ƙasan bidiyon an rubuta labarin duka, da Turanci da Faransanci da Hausa: aminai biyu, mutuwa, da kiɗan da aka binne. Sunana bai fito ba. Sunan babana na kiɗa aka rubuta, da sunan garinmu, wai don girmamawa. Ƙanwata ta ce samari sun sa shi a waya suna kunnawa har a kwata, inda 'ya'yan marigayin ke yanka. Matar marigayin kuwa ta ji shi daga wayar wata baƙuwa a tsakar gidanta, ta zauna daɓas. Gari ya ɗauka cewa tsohon makaɗi ya sayar wa Turawa da taken amininsa.

Kwana uku ina kiran dattijon bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, muryarsa ko gezau. Ya ce ai ya cika alkawari, tun da sunana bai fito ba. Ya ce ya so gogewa, amma da ya sake saurara ya ga zunubi ne a binne irin wannan abu, kiɗa ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Ya ce nan da shekara ɗari za a san babana saboda shi, kamata ya yi in gode. Da na fara ɗaga murya sai ya tuna mini wata takardar yarjejeniya da na sa wa hannu ranar farko, ya ce ta haɗa da duk abin da aka ɗauka a ɗakin nan, kuma yanzu magana tana hannun kamfani. Duk wannan yana faɗa yana ce mini ɗana. A ranar na gane cewa ba kiɗan kaɗai ya so ba, labarin ne ya fi yi masa daɗi, kuma hawayen nan da na gani yana zubar da su ne yana lissafin inda zai sa abin a faifansa. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, har abinci na kasa ci.

Na so in tafi gida sai korona ta rufe hanya, jirage suka tsaya. Sati biyu ina gudun kiran gida saboda kunya, har babana da kansa ya kira ni ta wayar ƙanwata. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi zafi, ya tambayi aiki. Sannan ya ce na yi gaggawa a juyi na uku, kamar yadda nake yi tun ina yaro. Na fashe da kuka na ce zan kira gidan marigayin in faɗi gaskiya. Ya ce kul. Ya ce ya riga ya je, ya cire takalmi ya durƙusa gaban matar da babban ɗan, ya ce laifin nasa ne, bai ƙara komai a kai ba. Alkawarin shi ya ɗauka a kan gidansa, kuma hannun da ya karya shi, shi ya koya masa. Daga ƙarshe ya ce ya ji labari a Dubai ni ɗan manomi ne, to in yi zamana a ɗan manomi, kada in ɓata sunan da na sha wahalar gyarawa. Ashe duk shekarun nan ya sani.

Sai bayan shekara guda na samu zuwa gida, dab da Babbar Sallah. Ina shiga ɗakinsa na ga kalangunsa rataye a bango, an yanke tsarkiyoyinsa duka. Mahaifiyata ce ta gaya mini cewa 'ya'yan marigayin ba su nemi komai daga gare shi ba. Shi da kansa ya ce musu tun da ya kasa riƙe alkawari a kan take ɗaya, to ya binne sauran gaba ɗaya. Mutumin da ya fi shekara hamsin yana kiɗa, tun ranar bai sake taɓa fata ba. Washegarin Sallah mahauta suka ɗauko makaɗi daga wani gari. Muna zaune a zaure ni da shi, kiɗan yana shigowa daga bakin kasuwa, sai na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Da ya lura ina kallo, sai ya tura hannun cikin riga ya tambaye ni ko an ba tumaki ruwa.

Edita, har yau ban yafe wa dattijon nan ba, kuma ban san ko zan iya ba. Na ji faifan ya karɓu, an ce shi ne mafi kyau a rayuwarsa. Amma duk lokacin da na ɗaga hannu zan kai ƙararsa wurin Allah, sai in tuna cewa amana biyu aka ci a ɗakin nan, kuma ta farko ni na ci. Dattijon ya san ni wata ɗaya ne kawai, ni kuwa na san babana tun ranar da na buɗe ido.

Kirana ga 'yan'uwa matasa, musamman mu da ke zaman ƙasashen waje: kewar gida tana sa mutum ya ɗauki duk mai furfurar da ya yi masa fara'a a matsayin uba. Ku girmama shi, ku sha shayinsa, amma abin da aka ba ku ajiya a gida ku bar shi inda aka ajiye. Duk wanda ya roƙe ka ka karya alkawarin wani don ka faranta masa, ya riga ya gaya maka yadda zai yi da naka. Kuma kada ku ji kunyar sana'ar iyayenku. Ni na yi shekaru ina ce wa mutane babana manomi ne, ga shi yanzu na mayar da shi manomin da gaske.