Malam Is'haƙa da Ɗorin da Aka Kwance a Tsamaye

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti a Isa, Malam Is'haƙa ya riga ya goge injin hoton ƙashi, ya zauna yana roƙon Allah ya kawo wuta. Shekara talatin da ɗaya ke nan a haka, kuma a watan nan zai yi ritaya. Akwai shi da faɗa, wannan kam kowa ya sani. In yaro ya motsa hoto ya lalace, har bakin ƙofa ana jin muryarsa, sannan ya lalubo dabino a aljihu ya ba shi.

Cikin aikinsa, labarin Sadiya ne ba na mantawa. Tana da shekara goma sha uku mahaifinta Almu ya kawo ta daga Tsamaye, gwiwa a kumbure. Sau biyu Sodangi, maɗorin garinsu, yana ɗaure ta. Almu ya zo ne kawai a duba ko ƙashin ya kama.

"Ina ta faɗi?" in ji Malam Is'haƙa.

"Ba ta faɗi ba, Malam. Haka nan ciwon yat taso."

Hoto ya fito, babu karaya ko ɗaya. Ƙashin saman gwiwar ya zaizaye kamar azarar da gara ta ci. Malam Is'haƙa ya kai wa likita hoton da kansa. Likita ya rubuta takarda zuwa Sakkwato, inda babban inji zai nuna har tsoka, a kuma gwada ko ciwon daji ne. Almu ya ninke takardar ya ce, "Sodangi ya ɗora ubana, ya ɗora ni. Sai abin da yac ce."

Wani da nan zai tsaya, ai ya yi nasa. Amma kai, Is'haƙa, idon da ke gani ta cikin fata, washegari ka hau babur zuwa Tsamaye, ka bi hanyar da mutane ke shakkar bi. Kai da ba ka iya sassauta murya ba, kai ne ka durƙusa gaban tsohon nan Sodangi, ka ɗaga hoton a hasken rana.

"Baba, ba gardama niz zo yi ba. Kai ka san ƙashi da hannu, ni da ido. Gwada min karaya ga wanga hoto."

Sodangi ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Babu. Wanga ba aikina ba na." Da hannunsa ya kwance ɗorin, ya juya ga Almu. "Gobe a kai ta Sakkwato. Ni ma za ni."

Tun daga ranar, duk yaron da ya kumbura ba tare da ya faɗi ba, asibitin Isa Sodangi yake turo shi.

Ciwon dajin ne kuwa. An yi mata magani wata da watanni, ƙafar dai ba ta tsira ba, sai da aka yanke ta. Yau Sadiya tana koyarwa a wata Islamiyya a Sabon Birni, da sandarta da 'ya'yanta biyu.

Mun gode, Malam Is'haƙa, Allah ya saka da alheri. Ku matasan da za ku gaji ɗakin hoton nan, in kun ga abu a hoto, ku bi shi har gida. Na tambayi Almu ko yana baƙin cikin ƙafar, ya girgiza kai.

"Ƙafa guda munka bizne, ɗana. Ba mu bizne ɗiya ba."