Bindigar Tomiz da Ruwa Bai Taɓa Ba

Ƙanena Tomiz Uddin ba jarumi ba ne. Na fara da wannan ne saboda tun da ya mutu samarin ƙauyenmu suke ƙara wa labarinsa gishiri. Manomi ne mai tsoron matsattsaku, mai tsabtar da har takan gundure ni.

A Char Kashbari aka haife mu, tsakiyar kogin Jamuna. Char tsibirin yashi ne da kogi kan haifar, ya kuma cinye. Ina ajin ƙarshe a sakandare kogin ya cinye gonar Abbanmu, ya haɗa da gidan da kabarin kakanmu. Muka koma kan jingar da ke bakin ruwa, cikin rumfar kwano. A nan Abba ya ƙarasa kwanansa yana nuna tsakiyar kogi da haɓa.

"Za ta fito," in ji shi. "Ƙasa ba ta mutuwa, nutso take yi."

Ta fito kuwa, amma sai da furfura ta fara cin gemun Tomiz. Da farko yashi ne, sai laka ta hau kansa, sai ciyawa. Muna da takardun Abba, amma a char takarda ba ta riƙe gona. Wanda ya yanki shinkafar farko, shi ke da ƙasa. Tomiz da ɗansa Monsur suka shuka. Shinkafa na fara kai, Gofur Sardar na ƙetaren gabas, mai jiragen ruwa da ƙarti masu sanduna da yake ciyarwa, ya aiko cewa yashin a ɓangarensa ya taso, kada wanda ya sa lauje.

Tomiz ya sayar da ɓaunar da matarsa Fulbanu ke kiwo, ya yi tafiya, ya dawo da tsohuwar bindiga libarba a cikin buhun albasa. Harsasan ba su cika tafin hannu ba.

Na ce, "Kai da ko kaza sai ka kira maƙwabci ya yanka maka?"

"Bubu," in ji shi, haka ake kiran yaya mace a wurinmu, "ba mutum zan harba ba. Ƙara kawai nake so. Suna jin ƙara sau ɗaya za su juya jiragensu."

"In ba su juya ba fa?"

"Bakinki dai, Bubu. Tun muna yara bai taɓa faɗin alheri ba."

Wanda ya sayar masa ya ja masa kunne da abu biyu. Ruwa ne abokin gabar bindiga, kuma ya riƙa shafa mata mai. Bai faɗi irin man ba, Tomiz kuma bai tambaya ba, domin a wurinmu in an ce mai, abu ɗaya ake nufi. Man mastad, na wata ƙwaya mai yaji, muke soya kifi da shi, shi muke ɗiga wa kunne mai ciwo, shi muke shafa wa jariri mu shimfiɗa shi a rana don ƙashinsa ya yi ƙwari.

Rainon jariri kuwa ya yi mata. A ƙasar da gishiri ke narkewa cikin kwalba da damina, tsatsa ba ta taɓa samun wurin zama a jikin bindigar nan ba. Yakan naɗe ta da tsohon zanen Fulbanu, ya sa a leda, ya binne a tukunyar ƙasa cike da gasasshiyar shinkafa don ta shanye raɓa, ya rataye tukunyar a azarar ɗaki. In zai ƙetare ruwa sai ya ɗaure ta a tsakar kansa da gamca, tawul ɗin nan da mazanmu ba sa rabuwa da shi. Na taɓa ganinsa yana iyo da wuya a miƙe kamar agwagwa, ya sha ruwa ya ƙoshi, amma ƙullin kansa a bushe.

Rana na leƙowa sai ya baza tabarma a bayan ɗaki, ya kwance ta, ya bi kowane lungu da tsumma. Harsasan ma bai bar su ba. Yakan zuba su cikin ƙaramin kwano na mai, su jiƙu, ya ce ta haka danshi ba zai sami ƙofar shiga ba.

Fulbanu takan tsaya a kansa da kwalbar da ta kusa ƙarewa. "Baban Monsur, ka raɗa mata suna mana, mu yanka akuya mu kira dangi. Miyar yau kuma da ruwa zan soya ta?"

"Ki yi ta surutu. Ranar da kika ci shinkafar gonar Abba za ki tuna."

Monsur ne kaɗai ya faɗi maganar hankali. Magidanci ne a lokacin, matarsa da ciki. Ya ce, "Abba, mu je bayan ciyawa mu gwada guda mu ji."

"Guda? A bishiya suke tsirowa? Ka duba yadda take ƙyalli. Abin da ke ƙyalli haka ba ya ƙin tashi."

Shinkafar ta nuna a watan Srabon, lokacin da kogi ya riga ya hau gona. A irin wannan girbi mutum yana tsaye ne cikin ruwa har ƙirji, yana yankan kan shinkafa yana jefawa cikin kwalekwale. Ni da Fulbanu muna cikin kwalekwalen muna tarawa. Tomiz, Monsur da wasu maƙwabta suna ƙasa da laujuna. Ana ta yayyafi tun safe.

Wajen azahar jiragen Gofur suka ɓullo daga gabas, cike da mutane da sanduna da masun kamun kifi. Maƙwabtanmu suka fara ja da baya. Tomiz ya miƙa wa Monsur laujensa, ya kwance gamcar kansa a hankali, ya warware leda, ya warware zane, ya ɗaga bindigar sama. Masu tuƙi suka tsaya cak. Labarinta ya riga ya kai musu.

Gofur ya ɗaga murya daga jirginsa. "Tomiz, ajiye abin nan kada ka harbe ƙafarka."

"Ka juya, Sardar. Gonar ubana ce."

Ya nuna sama, ya runtse ido, ya ja kunama. Ƙas. Ya buɗe ido ya dube ta, ya sake ja. Ƙas. Ya yi ta ja har ya zagaye duk abin da ke cikinta. Ba a jin komai sai yayyafi a kan ruwa. Sai wani daga cikin jiragen ya fashe da dariya, sauran suka kama, suka sa filafilansu a ruwa.

Abin bai daɗe ba. Maƙwabta suka watse. Monsur ya shiga gaban ubansa da lauje, wani ya soke shi da mashin kifi a ƙasan haƙarƙari. Irin mashin nan yana da ƙugiya, ba ya fita yadda ya shiga. Monsur ya sulale cikin ruwa.

Ga abin da na gani da idona, wanda samarin ƙauye ba sa faɗa. Tomiz ya kama gashin ɗansa da hagu yana jansa zuwa kwalekwale, yana kuka yana kiran sunansa, amma hannunsa na dama yana sama, riƙe da bindigar, don kada ruwa ya taɓa ta. Bai san yana yi ba. Sai da na doke hannun da filafili, na ce, "Saki, ɗan banza, ka kama ɗanka da hannu biyu!" Ko a nan ma cikin kwalekwale ya jefa ta, ba cikin kogi ba.

Monsur ya cika a kan shinkafar da muka tara, kafin mu kai jinga. Mutanen Gofur suka yanke sauran kafin magariba.

Ni na raka Tomiz ofishin 'yan sanda. Wani jami'i ya juya bindigar, ya ce bai taɓa ganin tsohon ƙarfe mai tsabta haka ba. Ya sa filaya ya ɓalle kan harsashi ɗaya. Albarushin ya fito a cure kamar kwaɓaɓɓen lalle. Ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya shinshina.

"Chacha," ya ce da Tomiz, wato baffa, "kifi ka yi niyyar soyawa? Mai ya shige ciki ya kashe su duka. Da a kogi ka tsoma su, da wataƙila ɗaya ya tashi."

Tomiz ya ce, "An ce in sa mai. Na sa mai."

Shi aka ɗaure, saboda riƙe bindiga ba da izini ba. Shari'ar kisan Monsur kuwa ta yi ta yawo daga wannan zama zuwa wancan har shaidu suka gaji. Kafin Tomiz ya fito, Fulbanu ta rasu, matar Monsur ta tafi Dhaka aikin ɗinki da jaririyarta. Ya dawo wurina, domin ba shi da wani wuri.

Da Srabon ya zagayo, ɗan Gofur ya aiko neman masu yankan shinkafa. Da asuba na ga Tomiz yana wasa lauje.

"Ina za ka?"

"Aiki."

"A gonar da aka kashe ɗanka? Ba ka da kunya ne, ko zuciyar ce ta mutu?"

"Wace gona kuma na iya, Bubu? Na san inda take da zurfi, na san inda take da yashi."

Ya tafi, ya dawo da yamma da ɗan damin da ake ba ɗan ƙodago. Na ce ba a tukunyata ba. Ya sussuke abinsa, ya shanya, ya ajiye a kusurwa. Da yunwa ta kai yunwa, na dafa, muka ci.

Haka ya yi ta yi duk damina har ƙirjinsa ya ƙi ruwan sanyi, ya mutu da tari a rumfata. Gonar tana nan a hannun jikokin Gofur. Bana sun shuka gyaɗa a gefen yashin.