Shekara Tara Ban Kira Sunanta Ba

A farkon shekarun dubu biyu ina da shekara ashirin da takwas, muna zaune a unguwar Butalbagar, ina sarin atamfa daga garin Kuseri da ke hayin kogi. Kullum da sassafe nake haye gadar Ngeli, in bar jaririna a hannun 'yar farina mai shekara tara. Ni mace ce mai kunya irin ta da, har ina alfahari da hakan. Tun da na haifi yarinyar ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke", kuma ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba.

Wata rana na dawo na tarar da jikin jaririn zafi rau. Zazzaɓin cizon sauro ne, kwana uku ya rasu. A zaman makoki bakina ya suɓuce, na ce da ban bar shi a hannun yarinya ba, da bai mutu ba. Ban san tana bayana tana wanke kwanuka ba. Daga ranar ta daina magana. Ta rame, malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, ya ce ko sunanta aka kira ba ta amsawa. Dangi suka ce iska ce, muka sha rubutu, muka yi hayaƙi har idonta ya yi ja, shiru.

Malamin ne ya tura mu wani ƙaramin asibiti a unguwar Kilemat, wurin wata mata da aikinta sauraron masu damuwa da ba su shawara. Na raina abin, na ce wane irin magani ne ba allura ba ƙwaya. Matar ba ta matsa wa yarinyar ba, takarda da fensir kawai take ba ta, ta zauna kusa da ita. A zuwa na biyar yarinyar ta buɗe baki. Ta ce ranar da ya fara zazzaɓin ta ba ƙaninta ruwan randa mai sanyi, shi ya kashe shi, kuma Inna ma, wato ni, ta faɗa. Wata bakwai 'yata tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Matar ta kira ni ciki, ta tambaye ni da Larabci, harshen da aka fi yi a garinmu, yaushe rabon da in kira yarinyar da sunanta. Na ce ai 'yar fari ce. Ta ce ba ta raina al'ada ba, amma yarinyar ta ɗauka ƙiyayya ce. Sannan ta tambaye ni, ni wa ya saurare ni tun rasuwar. Ba kowa, haƙuri kawai ake ba ni. Ranar na yi kukan da aka hana ni.

Da muka fito na durƙusa a bakin titi, masu babur suna kallo, na kira sunanta. Sai da ta waiwaya baya tukuna, tana neman mai kiranta. Na ce mata sauro ne, ba ruwa ba, kuma ni na yi kuskure. Ta riƙe wuyana ta ƙi saki.

Yau ta yi aure, amma waiwayen nan bai bar ni ba. Iyaye, kada ku ce yaro bai san komai ba, yana ji, yana kuma ajiyewa. In ɗanku ya yi shiru, ku nemi mai sauraronsa, ku ma ku nema wa kanku. Kuma kada ku bari ya kai shekara tara bai san yadda sunansa yake a bakinku ba.