Zuwa Dawakin Tofa Saboda Labarin Kakana

Muna sallame asuba muka kama hanya, ni da matar yayana, kwamfuta na naɗe cikin zani kamar jaririya.

Ga dalilin tafiyar. Kakana ya makance, ƙarfinsa kullum raguwa yake. Tun farkon damina yake ba ni tarihin ƙauyenmu ina bugawa. Sai manhajar rubutun ta ɗauko wani iskanci: ina danna adanawa, ta rufe kanta, aikin ranar ya tafi. Tsohon nan ya maimaita labarin haƙa rijiyar gari har muryarsa ta dishe. Ni kuwa ban san inda ake kai ƙarar manhaja ba.

Daga Ɗanbatta motar ta cika maƙil, har da akuya a bayanmu tana cin gefen mayafina. Gero ya yi kai, hagu da dama kore shar. A Dawanau muka sauya mota, muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya ƙanƙance, na gaya wa mai suyar ko idon kaza ya fi shi. Matar yayana ta mintsine ni.

A Dawakin Tofa muka sami ƙawarta, malamar kwamfuta. Na nuna mata saƙon da na shirya wa masu manhajar: "Abinku ba ya aiki, ku gyara." Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanwata, haka kike wa likita bayani? Mutanen nan kyauta suke aikin."

Ta buɗe wani shafi a cikin manhajar kanta, wanda ban taɓa leƙawa ba. Ashe duk yadda ake kai ƙara na nan. Ka duba ko wani ya riga ka kai ƙorafin. Ka faɗi samfurin manhajar da irin kwamfutarka. Sannan ka sa matsalar ta sake faruwa, ka rubuta abin da ka yi daki-daki.

Nan haƙurina ya kusa ƙarewa. Muka buga, muka adana, lafiya lau. Muka sake, lafiya lau. Wai yau ta ga baƙi ta natsu!

"Yi yadda kike yi a gida, kada ki tsallake komai," in ji Malama.

Sai na tuna Kaka ba ya fara magana sai na liƙa Bisimilla da rubutun Larabci a saman shafi. Na liƙa, na danna. Fit, ta rufe. Wallahi ban taɓa murnar lalacewar abu irin ta ranar ba. Malama ta taya ni rubutawa da Turanci, muka tura. Ta ce amsa na iya daɗewa.

Da la'asar muka iso gida. Na tarar da Kaka a kan tabarma, ya juyo da kunnensa wajen ƙofa.

"Amaryata, an gyara?"

Na durƙusa na yi masa bayani cewa Bisimillar da nake liƙawa ce ke sa manhajar rufewa, duk da na san ba zai yarda a cire ta ba. Ya lalubo hannuna.

"To ni zan riƙa faɗa da baki, Allah na ji. Ke rubuta sauran. Ba ni da lokacin jiran Turawa."

Abin da na koyo, kai ƙara ma sai an iya, kuma faɗa ba bayani ba ne. Kafin magariba mun gama labarin rijiya, ya kuma zauna daram.