Fiton da Aka Ɗauka Na Tsuntsu Ne

Duk uwar da ke karanta wannan, ta kula da abin da take koya wa 'ya'yanta da sunan ladabi. Ni na koyar, na kuma ga inda ya kai mu.

Ranar Asabar, sha takwas ga Janairu, Allah Ya karɓi ran Pa Malang Badjie a bakin kogin Kartong, inda ya shekara talatin yana kai baƙi kallon tsuntsaye. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Pa Malang, ka san ban taɓa son sana'arka ba. Ranar da ka zo neman izinin koya wa 'yata Sirra aikin, a tsaye na bar ka. Na ce, "Dattijo da furfura, ka rasa abin bi sai tsuntsu?" Ka yi dariya ka ce, "Maman Sirra, tsuntsu bai taɓa barina a tsaye a ƙofar gida ba." Na sa maka sharaɗi biyu: sai ta gama jarrabawa, kuma kada magariba ta same ta a waje. Shekara uku ba ka saɓa ba. Da ta yi zazzaɓi, kullum sai ka aiko da kifi. Madubin hangen nesanka na farko, wanda ka ɗaure da roba, ita ka ba.

Kana da fito irin kukan ƙaramar mujiya. In ka yi shi, ƙananan tsuntsaye sai su fito daga ɓuya. Dokarka guda ce: in an ga baƙon tsuntsu, ba magana, ba tari.

Ran nan labari ya zo cewa wani tsuntsun ruwa mai jajayen ƙafafu ya ɓato gaɓarmu, wanda rabon da a gan shi shekara tara. Kai da Sirra kuka tafi da baƙi shida. Aka same shi, kowa ya durƙusa bayan ciyawa. Kai ka zagaya bayan itatuwan gaɓa don duba hanyar komawa, domin teku ta fara cikowa. Laka ta riƙe ka har cinya. Ba ka yi ihu ba, don kada tsuntsun ya tashi. Fito ka yi.

Baƙin suka ɗauka mujiya ce, har wani ya juya yana nemanta da madubi. Sirra kaɗai ta ji fiton yana tsinkewa, yana sauri, ba yadda ka saba ba. Ta yunƙura. Wani dattijo cikinsu ya ɗora yatsa a baki. Ta koma ta zauna. Ruwa yana hawa, kana fito, tana zaune. Sai da fiton ya ɗauke ta ruga. Masunta suka ciro ka, amma rai ya yi halinsa.

Ba zan ɓoye ba, ka yi kuskure. Babu tsuntsun da ya kai ran mutum. Kwana huɗu ina faɗin haka ga duk mai shigowa, Sirra kuwa ba ta ci, ba ta magana. Na ji tsoron zan rasa ta ita ma. A kwana na biyar na tsare ta na ce, "Ke, kin ji shi, me ya hana ki kwarma ihu?"

Ta dube ni ta ce, "Mama, ba ke kika ce yarinya ba ta ɗaga murya in babba ya ce a yi shiru ba?"

Ni na faɗa. Tun tana shekara huɗu nake faɗa, har da bulala. Na ce mata ta sauke wannan kayan, nawa ne. A ranar ta ci abinci.

Allah Ya jiƙanka, Pa Malang, Ya yafe maka, Ya yafe mana. Ke kuma Satou matarsa, da 'ya'yansa da abokan aikinsa, Allah Ya ba ku haƙurin rashi.

Sirra ta ce za ta koma gaɓa, ban hana ba. Amma na tara yaran gidan nan na kafa doka: duk wanda ya ji rai na cikin haɗari, ya yi ihu iyakar ƙarfinsa, ko gaban wa yake, ko ni ce na ce a yi shiru. Tsuntsu ya tashi.