Akun Maigidana da Zargin da Na Ɗora wa Maƙwabciyata

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarar da aka cire jihar Kebbi daga Sakkwato, ni yarinya ce mai ɗanyen kai, aurena bai daɗe ba. Muna zaune a Bagudo, a wani gidan haya mai 'yar rumfa a tsakar gida, maigidana kuma malamin gona ne. Na taɓa yin ɓari, ga shi a lokacin ina ɗauke da wani cikin, saboda haka kullum a tsorace nake. Ko tuntuɓe na yi sai na nemi wuri na zauna ina sauraron jikina. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, na faɗa ne don a san halin da zuciyata take ciki lokacin da abin ya faru.

Maigidana yana da aku tun kafin ya aure ni. Wani direba mai bin hanyar Tsamiya zuwa cikin ƙasar Binin ne ya kawo masa shi yana ƙarami, ruwan toka mai jan bindi. Da hannunsa ya rene shi. Kowace safiya kafin ya hau babur ya shiga ƙauyuka, sai ya fito da shi daga keji ya ɗora a kafaɗa, duk abin da yake ci su raba, gwaiba ce ko ɗanyar masara ko rake. Da la'asar ya yayyafa masa ruwa, akun yana buɗe fukafukai yana ihu. Ya iya tarin maigidan, ya iya sallamarsa, ya iya ƙarar baburinsa. Ni dai ban taɓa shiga harkarsa ba, tun ranar da ya cije ni a yatsa na fita batunsa.

Da aka ba da jiha, aka kira ma'aikata da yawa zuwa Birnin Kebbi, har da maigidana. Garin ya cika, babu gidajen haya, shi da abokan aikinsa ɗaki ɗaya suke kwana. Ba halin ya tafi da ni, balle tsuntsu. Ranar da zai tafi ya daɗe tsaye gaban kejin, sannan ya ce mini ga amana nan, in kula masa da shi har ya samu wuri. Na ce to. Amma tun daga washegari akun ya hana ni sakat. Wuni yake yana ƙarar babur, ya bi da sallama da muryar maigidan sak, ni kuma in taso da nauyin jikina in leƙa ƙofa, ba kowa. Da abin ya ishe ni, sai na ɗauki kejin na kai wani ɗan ɗakin ajiya da ke manne da madafi, inda ba taga, hayaƙin girki ma ta nan yake bi. Abincinsa kuwa na mayar da shi gyaɗa daga wani buhu da damina ta taɓa, sai ragowar tuwo in na tuna. Wanka ban taɓa yi masa ba.

Ba a jima ba na fara ganin gashi a ƙasan kejin. Na ɗauka irin zubar da kaji suke yi ne. Sai ƙirjinsa ya fara bayyana, fata tsirara kamar kazar da aka fige za a sa a tukunya. Daga nan cinyoyi. Sannan na lura jan bindin nan yana raguwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ina share gashi mai ruwan toka kullum, amma jan ko ɗaya ban taɓa gani a ƙasa ba.

Mutum ɗaya ce take shigo mini a kai a kai, maƙwabciyata da muke katanga ɗaya. 'Yar kudu ce, Kirista, ta girme ni sosai. Mijinta yana sayar da kayan gyaran babur, ita kuma tana suyar ƙosai a ƙofar gida, ranar kasuwa ta ƙetara Binin ta saro manja da atamfa. Sun shekara da yawa a Bagudo, Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta. Ina ce mata Mama, tana ce mini ƙanwata. Lokacin ɓarina ita ce ta tsaya a kaina kafin dangina su iso. Da ta daina jin muryar akun sai ta tambaya, na nuna mata ɗakin. Ta shiga ta daɗe tana yi masa magana, ta fito ta ce mini wurin nan bai dace da shi ba, in mayar da shi rumfa inda zai riƙa ganin mutane. Bayan ta dawo kasuwa ta kawo masa kwakwar manja a kwano, ta ce a garinsu ita akun daji suke ci. Na yi godiya da baki, a raina kuwa ina cewa shisshigi ne.

Cikin haka gwaggon maigidana ta zo daga Zagga duba ni. Da ta ga akun sai ta ja da baya tana salati. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin tsuntsu ya tuɓe kansa ba, wannan da hannun mutum a ciki. Ta ce a ƙetare jan gashin aku abin nema ne, bokaye suna saye da tsada, kuma ta ji ana haɗa shi da abin da ya shafi mai ciki. Ta tambaye ni wa yake shiga ɗakin. Na ce Mama ce kawai. Gwaggo ta dubi cikina, ta dubi katangar da ta raba mu da su. Wannan kallon ya fi mini kowace magana. Nan take na fara haɗa abubuwa a kaina, zuwanta kasuwar Binin, daɗewarta a ɗakin, har ɓarin da na yi na dawo ina tambayar kaina ko tsayuwar da ta yi a kaina ta Allah ce.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Na zubar da kwakwar a bola. Na lulluɓe kejin da buhu don kada ido ya kai gare shi, na sa wa ɗakin kwaɗo na ɗaure makullin a bakin zanena. Gwaggo ta bar mini wani turaren tsari, safe da yamma nake turara shi a ɗakin har sai hayaƙi ya turnuƙe. Akun ya daina magana gaba ɗaya. Wata safiya na ɗaga buhun na ga jini a ƙirjinsa, na firgita, don a tunanina duk abin da ya same shi alama ce ta abin da zai sami ɗan da ke cikina. Ɗaki a kulle, makulli a jikina, amma gashi bai fasa zuba ba. Maimakon wannan ya sa in yi shakkar zargina, sai na ce ashe abin nata ya kai ba ta ma bukatar ƙofa.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma tsoro ya cika mini ciki har ya fito ta baki. Na faɗa wa mata biyu a bakin rijiya, na sake faɗa a wani gidan suna, har da ƙari, na ce na ga ta fito tana ɓoye wani abu a zane, alhali ban gani ba. Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa. Aka daina sayen ƙosanta. Matan da suka saba karɓar atamfa a hannunta suka janye. In ta fito sai a tattara yara a shige gida. Wata rana da hantsi ta zo ƙofata ta yi sallama, na ƙi amsawa, ina tsaye bayan labule. Ta san ina nan. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Ƙanwata, ni da na wanke miki jini da hannuna?” Ta jira kaɗan, da ta ji shiru sai na ji takunta tana komawa.

Abin da ya buɗe mini ido ba wayona ba ne. Na ga akun ya rame ƙwarai, na ji tsoron kada ya mutu a kulle maigida ya zo ya tarar, sai wata rana bayan azahar na fito da kejin rumfa na yaye buhun. Zazzaɓi nake ji, na shimfiɗa tabarma kusa da shi na kwanta, idona a lumshe amma ba barci nake ba. Can sai na ga ya sunkuyar da kai, ya kama wani ɗan gashi da ya fara tsirowa a ƙirjinsa, ya fizge, ya yi 'yar ƙara, ya tauna shi ya yar. Ya sake kama wani. Sannan ya murɗa wuya ya kai baki ga ragowar bindin, ya tsige ja ɗaya a gaban idona. A lokacin ne na lura gashin kansa da na wuyansa ta baya suna nan cif, wato duk inda bakinsa ba ya kaiwa lafiya lau yake. Na tashi na shiga ɗakin ajiyar na janye buhunan. A lungu na tarar da jan gashin nan, a tattaune, ɓera ya ja ya yi sheƙa da shi. Na zauna a ƙasa cikin ƙurar nan na yi kuka, kuma ba akun nake yi wa ba.

Na aika wa maigidana ta hannun direban mota, ya zo a ƙarshen mako. Na gaya masa komai ban rage ba. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni me ya hana in aiko masa tun farko. Akun da ya ji muryarsa ya sauko jikin keji yana karkarwa, yana miƙo kai. Maigidan ya ɗauko wani abokinsa malamin dabbobi. Mutumin ya ce shi shanu ya fi sani, amma ya duba fatar da kyau, ya ce bai ga ƙuma ko ƙazuwa ba. Ya shinshina gyaɗar ya ce ta yi hunhuna, a zubar. A ganinsa kewa ce ta fara jawo abin, duhu da hayaƙi da abinci iri ɗaya suka ƙarasa. Ya ce a ajiye shi inda iska da haske da mutane suke, a riƙa yayyafa masa ruwa, a ba shi ɗanyen reshe ya riƙa ɓarza, a daina ba shi abin da aka sa wa gishiri da mai, a haɗa masa 'ya'yan itace da ganye. Ya ce in an ga yana tsiga kada a daka masa tsawa, a ɗauke masa hankali da wani abu. Sai ya ƙara da cewa in za a samu kwakwar manja a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, da ta taimaka. Na sunkuyar da kaina.

A ranar muka shiga gidan Mama, maigidana a gaba ina biye. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na gaya mata har ƙaryar da na ƙara. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta yafe saboda Allah, ta kuma ce in tashi, mai ciki ba ta daɗewa a durƙushe. Amma da sunan Amarya ta kira ni, kamar yadda sauran mutanen unguwa suke kira na, ba ta sake cewa ƙanwata ba. Na bi rijiya da gidaje ina cewa ƙarya na yi, tsuntsu ne yake tsige kansa. A nan na ga abin da ban zata ba. Waɗanda suka tattaro kunne ranar da nake ɓata ta, yanzu da kyar suke tsayawa su ji. Wasu ma cewa suka yi ai rufe mini baki ta yi. Cinikinta bai dawo ba. Kafin in haihu suka kwashe kayansu suka koma Kamba. Safiyar da suka tashi na tarar da kwano a bakin ƙofata cike da kwakwar manja, ba ta shigo ba, ba ta yi sallama ba.

Maigidana ya koma bakin aiki, kula da akun ta dawo kaina, wannan karon da gaske. A rumfa nake tsinkar zogale ina miƙa masa, in yanka gwanda ko mangwaro in ba shi nasa, in dafa masa dankali ba gishiri. Na koyi naɗe masa abinci a ɓawon masara don ya sha wahalar kwancewa, hakan yana cinye masa lokacin da zai yi tsiga. Reshen gwaiba kuwa kwana kaɗan yake mayar da shi gari. Abin bai tafi a miƙe ba. Sai gashi ya tsiro in yi murna, in wayi gari ya tsige rabi, musamman in maigidan ya zo ya koma. Na haifi 'yata lafiya, mai ƙoshin jiki. Sai da ta fara rarrafe sannan bindin ya cika ya yi ja kamar da. A ƙirjinsa kuwa akwai wani ɗan fili da bai sake tsirowa ba har ya bar duniya. Daga baya na sa an nemo mini labarin Mama a Kamba, aka ce sun daɗe da komawa kudu.

Abin da nake so in gaya wa masu karatu, musamman masu ajiye aku a gida, shi ne wannan tsuntsu yana da kewa kamar mutum. In ya saba da wani ya rasa shi, ko aka kulle shi shi kaɗai, ko aka tsare shi da abinci ɗaya, yana iya juyawa kan jikinsa. In kun ga gashi yana zuba, ku duba ko na kansa yana nan, ku kira wanda ya san dabbobi ya duba fatarsa, ku gyara masa ci da wurin zama, ku yi haƙuri, don warkewar tana ɗaukar watanni. Wanda ba shi da lokacin zama da shi, gara kada ya ɗauko shi tun farko. Ga 'yan'uwana mata kuma, ku ji tsoron maganar da za ku faɗa kuna cikin firgici, balle a kan baƙon da ba shi da dangin da za su tsaya masa a gari. Da na zauna na kalli kejin nan na yini ɗaya kafin in je bakin rijiya, da matar nan ba ta bar Bagudo saboda ni ba. Yanzu na yi jikoki, amma har yau in na ga mai suyar ƙosai a bakin hanya sai na rage tafiya na dubi fuskarta.